Tanimu da Gajeren Dosso

Ku saurara da kyau, don bayan na gama ku za ku yanke hukunci, ni maganar ta ishe ni.

Tanimu ɗan dambe ne daga Gumel, dogo, mai hannun dama kamar taɓarya. Da ya koma faɗan keji, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa, sai ta bayyana in an kai shi ƙasa bai san komai ba. Sau biyu 'yan kokawa suna danne shi har alƙali ya raba. Ga taurin kai, in ka yi magana ya ce hannunsa ya ishe shi. Ana haka aka haɗa shi da wani gajeren ɗan kokawa daga Dosso, wanda ba ruwansa da musayar naushi, ƙafa kawai yake nema. Masu shirya wasan suka ce in ya sake faɗuwa sun sallame shi, in ya ci kuwa za su kai shi babban wasa ƙasar waje.

Kawunsa Jatau, tsohon ɗan kokawa, ya ja shi rairayin bayan gari. Kwana arba'in tsohon nan, da ciwon gwiwarsa, yana tsinkar ƙafarsa yana maka shi da ƙasa, Tanimu na gunaguni. Sau uku yana yin fushi ya tafi gida, sau uku Kawu yana bin sa ya dawo da shi, har ya iya janye ƙafafu baya ya sakar wa mutum nauyinsa.

Yayarsa Kuluwa, mai sayar da waina, ba ta taɓa shiga gidan dambe ba. Ta sa aka tura mata faɗace-faɗacen Gajeren a waya, tana suya tana kallo, har ta ƙone tanda guda. Ita ta gano duk lokacin da zai kai hannu ƙafa, sai ya fara sauke kafaɗar hagu. Da ta faɗa wa Tanimu, dariya ya yi, ya ce ta ji da wainarta.

Ranar faɗa kuwa ya watsar da komai, ya shiga kai naushi kamar mai korar ƙudaje. Gajeren ya kayar da shi sau biyu, ya fasa masa gira. Lokacin hutu, abokinsa Sallau, wanda ke tsaya masa a kusurwa, ya tsayar da jinin kafin likita ya dakatar da wasan, ya riƙe kunnensa ya ce, "Don Allah ka ajiye hannun nan. Ka dubi kafaɗar da Yaya ta faɗa maka, ka yi abin da Kawu ya koya maka, in ya sunkuyo ka tare shi da gwiwa."

Ya ji, da ƙyar. Kafaɗa ta sauka, ya janye ƙafa, Gajeren ya rungumi iska. Da ya sake sunkuyowa, gwiwa ta same shi a haɓa, bai tashi ba.

To, tafiyar ta zo, amma mutum ɗaya tak aka yarda ya raka shi. Kawu ya ce ba don shi ba da tuni an danne yaron. Kuluwa ta ce ba don idonta ba ai bai san lokacin janye ƙafar ba. Sallau ya ce duk iliminsu a banza ya tashi, sai da shi ya mayar masa da shi cikin kai. Yau sati biyu ko gaisawa ba sa yi, Tanimu kuwa ya kashe wayarsa.

Ku gaya mini, a cikin su ukun nan wa ya kamata ya hau jirgin?