Hoton Nansubuga a Jarida

Akwai wani mutum a layinmu na Nyendo, nan Masaka ta ƙasar Uganda, Kiggundu mai shagon siminti. Safiyar da sakamakon aji shida na sakandare ya fito, da idona na gan shi ya tare mai jarida a bakin tasha ya saye duk abin da ke hannunsa, yana raba wa 'yan boda-boda, wato 'yan acaɓa, kamar alewa.

"Ku buɗe shafin tsakiya," yake cewa, "ku ga jinina."

Hoton 'yarsa Nansubuga ne, an ɗaga ta a kafaɗa. Maki ashirin cif, ƙarshen maki ke nan. Kowa a hoton yana dariya, ban da ita.

Ku tsaya in koma baya, don wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta da zance sai likita. Da ta shiga aji biyar, inda kowa ke zaɓen darussa uku da zai zana jarrabawar ƙarshe da su, ta ɗauki Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Ita da ƙawarta Nalwoga, 'yar telan da ke kallon shagon Kiggundu.

Zangon farko ya ba su kashi su duka biyun. Haka kimiyya take yi wa kowa a farko, duk wanda ya yi ya sani.

To amma makarantar ta kuɗi ce, irin masu kafa ƙaton allo a bakin titin Kampala da hotunan ɗalibai. Malamin da ke tsara karatu ya kira Kiggundu ofis, ya ba shi kujera mai taushi da shayi. Ya ce masa yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa, amma kimiyya za ta ja ta ƙasa. A mayar da ita Tarihi da harshen Luganda da Addini, shi ya yi alkawari sai ta kawo ashirin, sai an ga fuskarta a jarida.

Kalmar jarida kawai Kiggundu ya ji. Shekarar da ta wuce an buga hoton ɗan wani abokin gasarsa na kasuwa a jarida, abin yana ta cin sa.

Da aka zo hutu, Nansubuga ta durƙusa a gabansa kamar yadda 'ya'ya mata ke yi a nan, yana cin matoke, dafaffiyar ayabar nan tamu, da miyar gyaɗa. Ta yi masa bayani a hankali, cewa ba a shiga likitanci sai da Bayoloji da Kemistiri, ba yawan maki kaɗai ake dubawa ba, har da darasin da aka samo makin.

Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ke za ki koya min lissafi? Ashirin ai ashirin ne. Wace jami'a ce za ta ga ashirin ta ce a'a?"

"Baba, ka ba ni zango ɗaya kawai. In ban ɗago ba..."

"In ba ki ɗago ba a yi ta yi min dariya a kasuwa? Tashi ki kawo min ruwa."

Mahaifiyarta ta so ta sa baki, ya ce ita ma aji nawa ta yi. Shi ke nan aka rufe magana, aka sauya mata darussa.

Abin da ya fi ƙona min rai, kun san me? Bai tsaya kan 'yarsa ba. Kullum sai ya leƙa shagon tela ya ce, "Maƙwabci, ya likitarku? Har yanzu tana yanka kwaɗi tana kawo sifili?" Telan dai murmushi yake yi ya ci gaba da taka kekensa. Nalwoga kuwa ta faɗi gwaji, ta sake faɗuwa, ta rame, amma ba ta saki darussanta ba. A hankali ta fara ɗagowa.

Sakamako ya fito. Nansubuga ashirin. Nalwoga sha bakwai, ba jarida, ba allo, ko kaza ba a yanka mata ba. Kiggundu ya gasa akuya, ya aika wa tela ƙafa ɗaya, wai a ba likita ta sha romo.

Sai jami'o'i suka fitar da waɗanda suka ɗauka. Nalwoga ta samu likitanci a wata jami'a can yamma. Nansubuga an ba ta gurbi, amma a fannin da ko a mafarki ba ta taɓa so ba.

Kiggundu ya sa kwat, ya naɗe jaridarsa a hammata, ya hau mota har jami'a. Direban da ya kai shi ne ya ba mu labari. Wai ya shimfiɗa jaridar a kan teburin wata mata mai kula da ɗaukar ɗalibai yana buga yatsa a kan hoton. Matar ta duba ta ce yarinya ta yi ƙoƙari, Allah ya yi mata albarka, amma ina Kemistirinta? Ina Bayoloji? Ya ce ashirin fa. Ta ce ko ɗari ne, ta kira na bayansa.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai makarantar. Wannan karon ba kujera, ba shayi. Malamin ya ce masa, "Ranka ya daɗe, jarida na yi maka alkawari, kuma ga ta nan a hammatarka."

Yanzu ku ji inda abin ya tsaya. Nansubuga da kanta ta je aka aske mata gashin da ta fara tarawa, kamar yadda ake yi wa 'yan makaranta a nan, ta ɗinka sabon yunifom a wurin telan nan, ta koma aji biyar a wata ƙaramar makarantar jeka-ka-dawo. Shekara biyu daga farko, tare da sa'annin ƙannenta. Kullum da safe sai ta wuce ta gindin allon nan, fuskarta tana sama ana tallar makaranta da ita.

Ranar da za ta fara, babanta ya tsaya a ƙofa yana kame-kame, wai ko ta haƙura ta karɓi gurbin da jami'a ta ba ta, mutane za su yi magana.

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, ka samu jaridarka. Yanzu saura karatuna."

Makon jiya ina tsaye wurin mai rolex na bakin tasha, wato gurasar capati da ake naɗe soyayyen ƙwai a ciki, Kiggundu ya zo ya sayi ɗaya. Mai rolex ɗin ya naɗe capati da ƙwai, ya yago takarda daga tarin tsofaffin jaridun da 'yan boda-boda suka bar masa, ya miƙa. Shafin tsakiya ne. Man suya ya jiƙa fuskar yarinyar.

Ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa. Bai ci ba.

Darasi: Kafin yaro ya zaɓi darussa, a fara tambayar inda yake son zuwa da abin da ake nema a can, kuma in ya yi magana a saurare shi. Makin da aka tara don a burge kasuwa ba ya kai kowa ko'ina. Ku tura wa duk iyayen da ɗansu ke shirin zaɓen darussa. Kai da kake karanta wannan, darussan da ɗanka ke yi yanzu, don gobensa aka zaɓa ko don a yaba maka?