Zaren Gizo a Ƙafar Ladingo

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso. Ke Hansai, ajiye madubin nan, fuskar ba guduwa za ta yi ba. Kai ma Ɗanliti, bar shafa gemun da bai fito ba. Labarin yau naku ne, kuma duk garin nan ba bakin da ya iya shi sai nawa.

A zamanin da Gizo ke samartaka, tun bai san Ƙoƙi ba, an yi wata budurwar zabuwa mai suna Ladingo, gidansu na can kan tudu. Ita ce mai ba da waƙa a dandali. In ta buɗe baki 'yan mata suka amsa, har tsofaffi mantawa suke da ciwon gwiwa. Ga shi an kusa gama girbi, wasan kalankuwa ya matso, kowa muryarta yake jira.

Gizo ya gan ta, ya ce shi kam ya mutu. Ya aro riga, ya aro hula, ya zo zance. "Ladingo, ke ce farin wata, sauran 'yan matan garin nan fitilu ne da ba mai." Daɗi ya kashe yarinya. Da zai tafi sai ya zaro siririn zare daga cikinsa ya ɗaura mata a ƙafa.

"Wannan fa?"

"Zaren so ne. Ɗaya bakin yana hannuna. Duk inda kika motsa zan ji, don ba na iya numfashi in ban san inda kike ba."

Ladingo ta ce a ranta, oh ni, wa aka taɓa so haka? Har rangwaɗa take tana nuna wa ƙawaye. An ɗaure ta kamar akuyar kasuwa, ita kuwa tana ganin munduwa aka sa mata!

Washegari ta ɗauki tulu za ta rafi. Ba ta yi nisa ba ta ji fizga. Ta kife, tulu ya tarwatse. Sai ga Gizo yana haki.

"Ina za ki?"

"Rafi."

"Rafin da samari ke wanki? Koma gida. Don ina son ki ne."

Ta koma, ta sha faɗan uwarta, ta ce tuntuɓe ta yi.

Wata rana ta nufi gidan ƙawarta Kurciya, za su yi ƙunshi. Fizga! Lalle ya zube.

"Kurciyar nan ba ta ƙaunata, zuga ki take yi. Ko ni ko ita. Don ina son ki ne."

Ta koma.

Ran nan kuma ta lallaɓa dandali da yamma. Ta ɗaga murya ke nan, fizga! Ta faɗi wanwar a gaban jama'a.

"Muryar nan tawa ce. In waƙa kike so, ki yi mini ni kaɗai. Don ina son ki ne."

Ta bi shi, ta fara yi masa waƙar. Kafin ta kai amshi, gogan naku ya fara minshari.

Daga nan Ladingo ta daina fita. Ta rame, ɗigon jikinta ya dusashe. Sai Kurciya ta leƙo ta kan danga ta ce, "Ƙawata, 'yan mata sun ce in ba ki zo ranar kalankuwa ba, Agwagwa za su ba waƙar."

"Agwagwa? Mai murya kamar tsohuwar ƙofa?"

"Ita fa. Da babu gara ita."

Ladingo ta zauna jikin turmin daka a ƙofar gida tana kuka. Sai ga Nomau, wani ɗan bushiya maƙwabcinsu, ya dawo daga gona. Shi wannan ya taɓa cewa yana son ta, ta ce a'a, ya ce "To, ba komai," bai kuma fasa gaishe ta ba.

"Ladingo, dandali ya yi shiru."

Ta nuna masa zaren.

Nomau ya duba ya ce, "In kin ce in yanke, ga haƙori. In kin ce in bari, ba zan taɓa ba. Ƙafarki ce."

Ƙafarki ce. Wallahi ta manta! Ta dubi ƙafar, sannan ta ce, "Bar shi, da hannuna zan kwance." Ta kwance, ta ɗaura wa turmi. "In Gizo ya ji shiru ya zo duba lafiyata, to ni yake so. In bai zo ba, zan san abin da yake so."

Kwanaki suka wuce, zare bai motsa ba. Kuna tsammanin Gizo ya ce bari in je ko zazzaɓi ya kwantar da ita? Ina! Yana can gindin kuka a ƙasan tudu, ya harɗe ƙafafu cikin samari yana cika baki: "Ku zo ku koyi riƙon budurwa wurina. Tawa ko tari ba ta yi sai da izinina."

Ranar kalankuwa gari ya cika. Kiɗa ya tashi, wata murya ta ratsa dandali har gindin kuka. Samari suka ce, "Gizo, ba Ladingo ce wannan ba?"

"Ƙarya ne! Wannan muryar ban san ta ba. Tawa na gida. Ku tsaya ku ga yadda ake kiran mace."

Ya ja zare. Shiru. "Kunya ce," in ji shi.

Ya sake ja. Shiru. "Yanga ce."

Ya tofa yawu a hannu, ya kafa ƙafafu takwas, ya ja da iya ƙarfinsa. Sai aka ji gurum, gurum, gurum daga kan tudu. Gizo ya buɗe hannuwa ya ce, "Kun ji ta, da gudu ma take zuwa!"

Turmi ya zo ya bi ta kansa, ya zauna daram.

Aka taru ana dariya har da riƙe ciki. Gizo ya leƙo daga ƙasa, ya ga Ladingo tsaye cikin ƙawayenta, ƙafarta jawur da lalle.

"Ladingo, kin ci amanata!"

"Ni? Ga masoyiyarka nan a bayanka. Ba ta zuwa rafi, ba ta da ƙawa, ba ta waƙa. Irin wadda kake nema ce. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Kurciya ta rangaɗa guɗa. Tun daga ranar Gizo ya zama a baje, yake laɓewa a kusurwar ɗaki yana ta saƙa zare, ba mai faɗawa ciki sai ƙuda.

Da aka tashi wasa, Nomau ya ce, "In raka ki?"

"A'a, yau da ƙawayena zan tafi."

"To, a sauka lafiya."

Ta yi gaba, sai ta waiwayo. "Nomau! Gobe ka zo bayan la'asar. Amma ka fara gaida Inna."

To kun ji. Ke Hansai, duk wanda ya raba ki da ƙawayenki, ya sa ki yi wa uwarki ƙarya, ya rufe miki baki, sannan ya ce don yana son ki ne, ki nuna masa turmi. Mai son ki tambayarki yake yi, in kin ce a'a ya ji, in ya ji ki shiru ya zo duba ki. Kai kuma Ɗanliti, ka duba hannunka. In da zare a ciki, saki tun turmi bai taso ba.

Ƙurungus kan kusu! Wanda ya ce ƙarya na shirga, ya je kusurwar ɗaki ya tambayi Gizo abin da ya baje shi.