Kyaftin da Tafintansa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a garin nan namu. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, 'ya'yansa kuma a sahun nan suke sallah. Kowa Kyaftin yake ce masa.

Mai tsaron baya ne a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu har gwiwa ta ci amanarsa, sai ya koma mataimakin koci. Allah ya ba shi ido. Minti goma zai kalli wasa ya gaya maka ta inda za a ɓullo wa abokan karawa, kuma haka za a yi. Amma mataimaki ba ya magana a ɗakin sauya kaya, zane yake yi a allo ya koma gefe. Shekara shida yana haɗiye maganarsa.

Sai wata ƙungiya a tsibirin Jawa, can Indunusiya, ta ɗauke shi babban koci. Ko "sannu" bai sani ba da harshensu, Larabcinmu kawai yake ji. Aka haɗa shi da tafinta, Ustaz Mamduh, mutumin ƙauyen da ke ƙetaren gada, wanda ya je can koyar da Larabci ya yi aure ya zauna.

Shekara bakwai, kofi uku. Wallahi mun yi alfahari da shi, ni ma ban cire kaina ba. Da hantsi ake buga wasansu a agogonmu, sai ka ga gidan shayin Ammu Zaki ya cika maƙil, masu kanti sun bar kanti. In aka nuno fuskarsa sai wani ya ce, "Ɗan layinmu ne fa, tare muka ci wake da burodi." Yaran can kuwa sumbatar hannunsa suke yi kafin su shiga fili.

To me ke faruwa a ɗakin sauya kaya? Ku gafarce ni, zan rage wa maganar kaifi saboda masallaci. Kyaftin zai nuna ɗan wasa ya ce, "Kai jaki, wa ya ce maka kai ɗan ƙwallo ne? Uwarka ma ta fi ka gudu. In ka samu ƙwallo ka jira na gefenka."

Ustaz Mamduh zai sunkuyar da kai ya ce da harshensu, "Koci ya ce Allah ya ba ka ƙafa, ɗana, kada ka ɓata ta da gaggawa. In ka samu ƙwallo ka jira na gefenka."

Yaro zai rusuna, ya fita ya yi abin da aka ce, a ci wasa. Kullum haka. Ustaz yana sheƙe maganar, ya ba yara tsabar ya zubar da ƙaiƙayin, Kyaftin bai sani ba.

Sau ɗaya ya gwada yi masa nasiha. Ya ce, "Kyaftin, don Allah ka rage zagin nan, ba ya ƙara maka komai."

Kyaftin ya yi dariya ya ce, "Ustaz, ka tsaya a nahawunka. Zagin nan shi ya kawo kofi uku. Kai baki ne kawai na ara."

Ana nan sai ƙungiyar garinmu ta shiga uku. Wasa goma suka rage, tana ƙasan teburi, za ta faɗa ƙaramin rukuni, abin da ba a taɓa gani ba tun zamanin kakanninmu. Gari ya ce a kira Kyaftin. Ya amsa, kuma na yaba masa, don ya bar daɗi ya taho. Ustaz ya ce zai biyo shi ko da mai riƙe allo ne. Kyaftin ya ce, "Me zan yi da tafinta a garin ubana?"

Ranar da ya sauka a tashar jirgin ƙasa a kafaɗa aka ɗauko shi har ƙofar gidansu.

Ya 'yan uwa, idonsa na nan yadda yake. Duk abin da ya zana a allo daidai ne. Amma yanzu babu kowa tsakanin bakinsa da kunnen yara. Magana takan fito yadda take, da Larabcin layinmu, ta sauka a kan yaron da ya san ma'anar kowace kalma. Wanda aka ce wa jaki da safe, da yamma ba ya iya taɓuka komai a fili. Suka koma kowa na gudun ƙwallo kada laifi ya faɗo kansa. Shi kuwa da ya ga haka sai ya ƙara wuta, don a ganinsa maganin ne bai ji ba.

Da ƙyar aka kai wasan ƙarshe. Canjaras kawai muke nema mu tsira. Kafin hutun rabin lokaci ƙwallo ta suɓuce daga hannun Gabir, mai tsaron gidanmu, ta shiga raga. Gabir ya yi shekara goma sha huɗu a ragar nan. Uwarsa ita ce tsohuwar da ke sayar da burodi a ƙofar filin wasa, Kyaftin kansa da burodinta ya girma.

Da aka shiga hutu, a gaban kowa Kyaftin ya kira sunan tsohuwar nan, ya haɗa shi da kalmar da ba zan maimaita ba.

Gabir bai ɗaga murya ba. Ya cire safar hannunsa ya ajiye a gaban Kyaftin ya ce, "Kyaftin, wata biyu kana zagina ina cewa na'am, don kai babba ne. Ita kuwa tana bakin ƙofa tun asuba tana yi maka addu'a." Ya fita. 'Yan wasa uku suka bi shi. Aka tashi uku da nema, muka faɗa.

Ko a nan bai gane ba. Ya shiga gidan talabijin yana cewa yaran yanzu ba su da juriya, a Jawa ya faɗi abin da ya fi haka ana sumbatar hannunsa. Mai shirin, don ya faranta masa, ya kira tsohon ɗan wasansa Suryadi ta waya, wani ɗalibi yana fassarawa. Suryadi ya ce, "Zagi? Koci bai taɓa zaginmu ba ko sau ɗaya. 'Ɗana' yake ce mana. Ranar da na zubar da fenariti cewa ya yi mahaifiyata za ta yi alfahari da ni don ban ɓuya ba. Saboda maganar nan na ƙara shekara biyar ina wasa."

Duk ƙasa na kallo. Kyaftin ya tuna ranar sarai, ya kuma tuna abin da ya ce game da mahaifiyar yaron.

Da ya fito ya kira Ustaz Mamduh. Ya ce, "Ustaz, shekara bakwai me kake gaya musu?"

Ustaz ya ce, "Abin da ya kamata ka ce, Kyaftin."

Yau shekara huɗu babu ƙungiyar da ta neme shi, gida ko waje. In zai je kasuwa ta bayan gari yake zagayawa, don kada ya bi ta ƙofar filin wasa.

Ya 'yan uwa, baki shi ke yanka wuya. Wa ya san adadin masu gyara masa magana a bayan idonsa? Matarka da ke ce wa yara "Babanku ya gaji ne." Ƙaninka da ke bin maƙwabci yana cewa "Ba haka yake nufi ba." Kai kana nan kana ganin tsoronka ake ji, alhali albarkacin wani kake ci. Ka gode musu tun suna kusa, ka gyara harshenka tun suna rufa maka asiri. Mala'ikun da ke kafaɗunka ba sa tace magana, yadda ka faɗe ta haka suke rubuta ta, kuma ranar da za a karanta maka babu tafinta.

Allah ya shirye shi, ya kiyaye mu da sharrin harsunanmu, ya saka wa masu rufa mana asiri da alheri. Amin.