Fadamar da Aka Hana Kuka

An yi wani zamani da Gauraka ta zama sarauniyar tsuntsayen wata fadama. Kyau kam akwai shi, amma girman kai ya yi mata katutu. Burinta a ce a ƙasarta babu mai baƙin ciki.

Sai ta tara tsuntsaye ta ce, "Daga yau na hana kuka. Wanda ya yi, Hankaka dogarina zai fige shi."

Zabuwa, wadda bakinta ba ya shiru, ta ce, "Ranki ya daɗe, wane kukan? Na hawaye, ko wanda muke yi da safe mu gaisa?"

"Kuka kuka ne! Ni zan tsaya ina tantance miki?"

"To in mugun abu ya taho, da me za mu sanar da juna?"

"A mulkina mugun abu ba ya zuwa. Rufe min baki!"

Fadama ta yi tsit. Iyaye suka riƙa danne bakin 'ya'yansu da fiffike in yunwa ta sa su tsuwa. Ko murna ta kama tsuntsu, sai ya haɗiye abarsa.

Ana nan, shaho ya sure ɗan autan Zabuwa a gaban idonta. Uwa ce, ina za ta iya daurewa? Ta fasa kuka har muryarta ta dishe. Hankaka ya zo ya danne ta, ya fige gashin kanta tas, jama'a na kallo. Wallahi abin tausayi, ko mai cewa sannu ba a samu ba. Tun daga ranar Zabuwa ba ta sake ko tari ba.

Da damina ta yi nisa, Gauraka ta saka ƙwai a cikin ciyawa. Wata safiya ta tafi kiwo, sai ga Guza ya fito daga ruwa yana jan ciki, ya nufi sheƙar. Zabuwa ta gan shi. Ba ta riƙe sarauniya a zuci ba, ƙwan kawai ta tausaya wa. Ta miƙe wuya, ta buɗe baki iya ƙarfinta. Iska ce kawai ta fito.

Gauraka ta dawo ta tarar da ɓawo. Ta juyo kan Zabuwa, wadda ke tsaye kusa da sheƙar. "Kina tsaye! Ina bayan ciyawar nan, da kin yi kuka da na ji!"

Zabuwa ta amsa da wata 'yar murya kamar raɗa. "Na nema, ranki ya daɗe. Na neme shi a maƙogwarona ban same shi ba."

Gauraka ta dubi ɓawon, ƙirjinta ya cika. Ta yi ta haɗiya, abin ya ƙi haɗiyuwa. Can sai kuka ya ƙwace mata, mai ƙarfi, har ƙarshen fadama.

Hankaka ya sauko a gabanta.

"Kai, ni ce fa! 'Ya'yana ne suka mutu!"

"Na Zabuwa ma ɗa ne," in ji Hankaka. "Sunkuyo da kanki."

Ta waiwaya ko wani zai ce a yi mata afuwa. Tsuntsaye na kewaye da ita, da yawansu ma sun ji tausayinta, amma babu wanda ya saura da muryar roƙo.

Darasin wannan labari shi ne, yara, kuka da dariya halitta ce, ba laifi ba ne. Wanda ya tilasta wa mutane su binne abin da ke ransu, ranar da yake neman mai yi masa ihu ko mai taya shi hawaye, kurame da bebaye zai tarar, kuma shi ya mai da su haka.