Taku Bakwai da Ba a Share Ba

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke bakin daji. Mutanen ƙauyen suna da wata al'ada. Da zarar an gama girbi, ciyawa ta bushe, sai kowane magidanci ya share gefen gonarsa da ke fuskantar daji, ya bar ƙasa fes. Sharar wannan ta haɗu da ta wancan har ta kewaye gonakin duka. In masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta, sai ta zo nan ta tsaya, gama ba ta sami abin ci ba.

Manomin nan ya yi ta shara har ya kai wata kusurwa mai ƙaya da gamba, taku bakwai kacal. Rana ta yi zafi, ƙaya ta soke shi. Sai ya ce a ransa, “Ni dai dawata tana rumbu. Gobe ma rana ce.” Ya saɓa fartanya ya tafi gida. Kun dai san goben malalaci, ba ta wayewa.

To, bayan gonarsa akwai gonar wata tsohuwa gwauruwa. Dammunan dawarta suna jibge a gona, tana jiran jakin aro. Abincin shekara ke nan, nata da na jikokinta biyu.

Ran nan da tsakar rana aka hango hayaƙi. Shirwa suna shawagi a kansa, iska kuwa tana turo shi wajen gonaki. Mutane suka fito da ɗanyen ganye a hannu. Wani dattijo ya ce, “Ku kwantar da hankali, ai kowa ya share nasa.” Manomin ya tuna da taku bakwai ɗin da ya bari. Ya buɗe baki zai ce a ruga kusurwar can, amma kunya ta rufe masa baki. Ya tsaya yana fata iska ta juya.

Iska ba ta juya ba. Wutar ta cinye ɗorawa da kaɗanya, ta kori zuma daga amya, ta bi sharar tana neman ƙofa, har ta samu. Ta wuce ta gonarsa, inda babu kome sai kara, ta faɗa wa dammunan tsohuwa. Kafin a iso, sai toka.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta dubi manomin ta ce, “Ɗana, ai na gan ka kana shara ran nan, har na sa maka albarka. To, ta ina ta shigo?”



Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, sharar nan tsaron da Ubangiji ya danƙa wa kowannenmu ce. Taku bakwai kuwa shi ne ɗan zunubin da ka sani sarai, kake cewa gobe za ka tuba: gulma, fushi, alkawarin da ka ƙi cikawa. Abin da ke hana ni sakewa shi ne, wutar ba ta tambayi gonar wa ke da laifi ba. Rumbun manomin yana nan cike, jikokin gwauruwa ne za su ji yunwa. Kafin ka ce kusurwarka ƙarama ce, waiwaya ka ga wanda dawarsa ke bayanka. Ka share ta yau.