Sandar Aro

Masu riƙon labarin mutanen dauri sun ce an yi wasu garuruwa biyar a bakin wani gulbi, waɗanda suka gaji da yaƙar juna a kan kifi da makiyaya, suka zauna suka ƙulla alkawari. Kowane gari ya riƙe rijiyarsa da kasuwarsa da rumbunsa, ba mai sa masa hannu. Abin da ya shafi kowa kuwa, wato gulbi da hanyoyi da tsaron iyaka, suka damƙa wa mutum ɗaya da ake kira Mai Sanda. Ba gadon sandar ake yi ba. Duk bayan damina huɗu sai a jera tuluna a dandali, kowane baligi, mace da namiji, ya jefa tsakuwa a tulun wanda yake so. Wakilan garuruwa su tsara doka, alƙalai su yanke shari'a, Mai Sanda ya zartar.

Alkawarin nan ba a rubuce yake ba, a bakin Uwar Alkawari yake, ita ke biya wa jama'a shi kafin a jefa tsakuwa. A zamanin da muke magana wata tsohuwa ce mai suna Tabawa, 'yar firit da ita, amma bakinta ya fi reza kaifi.

Mai Sanda na lokacin sunansa Korau, kuma a faɗi gaskiya ya yi aiki. Shi ya gina gada, shi ya kori 'yan fashi daga hanyar kasuwa. To, amma daminarsa ta huɗu ta ƙare, sanda kuwa ta yi masa daɗi a hannu. Ga kuma shugaban mayaƙansa, Barde Anaruwa, kullum yana hura masa kunne. Dama an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Ana gobe taron jefa tsakuwa, da hantsi, aka kira Tabawa zauren Mai Sanda. Tana shiga ta ga Barde tsaye da mashi, alhali Alkawari ya hana shiga zauren da ƙarfe. Dogarai biyar, ɗaya daga kowane gari, sun sunkuyar da kai kamar ba su gani ba. Ta nemi wuri ta zauna.

Korau ya ce, "Inna, gobe in kin zo biya Alkawari, akwai baiti ɗaya da nake so ki tsallake."

Ta ce, "Wanne, ranka ya daɗe?" Ta sani sarai, so take ya faɗa da bakinsa.

Ya ce, "Na aro. Aiki bai ƙare ba, Inna. Ina so in haɗa rumbunan garuruwan nan wuri ɗaya a ƙarƙashina, kada yunwa ta same mu. In na sauka yanzu, wa ya san sakaran da tsakuwa za ta kawo?"

Barde ya ce, "In kuma harshenki ya yi nauyi, Tsohuwa, akwai kwalekwale a bakin gulbi. Sai a tsallakar da ke, a nemo mai sauƙin baki."

Tabawa ta ji tsoro, ba ƙarya. A garin nan aka binne mahaifarta, ba ta son ta mutu a baƙon wuri. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Ko kallon Barde ba ta yi ba, ta ce wa Korau, "Ba zan tsallake ba. Amma kafin a sa ni a kwalekwale, ka ji labarin Ɓauna da tafki, in ya so ka yi abin da ka ga dama."

Korau ya ce, "Ina jin ki."

Ta ce:

"An yi wani tafki a daji wanda duk dabbobi ke sha da rani. Don gudun rigima suka raba bakinsa, barewa da mashayarsu, zomaye da tasu, gwanki da tasu. Kowace shekara sukan zaɓi mai gadi, da sharaɗin in ya yi kira kowa ya fito, in shekara ta cika kuma ya sauka. Wata shekara aka zaɓi Ɓauna. Ya yi gadi na gani na faɗa, har kuraye suka ƙaura. Da wa'adinsa ya cika sai ya tara dabbobi ya ce, 'Kun ga aikina. Daga yau babu sauran zaɓe, babu kuma mashaya barkatai. Kowa ya zo gabana ya sha, in riƙa ganinsa.'

"Duk aka yi tsit, don ƙahon Ɓauna ba abin wasa ba ne. Sai Bushiya ta gangaro tsakiyar fili, ta ce, 'Ni ban yarda ba. Ka taka ni in kana so, kai ma ka san ƙafarka za ta ba da labari. Amma tukuna ka ji abin da ya sami babban dutsen murhu.'

"Ɓauna ya huci, ya ce, 'Faɗi.'

"Bushiya ta ce: 'Wata mata tana da murhu mai duwatsu uku, ɗaya ya fi sauran girma. Kullum tuwo yana nuna, gida yana ƙoshi. Ran nan babban ya ce wa ƙananan, "Ni ke ɗaukar nauyin tukunyar nan, ku rakiya kawai kuke yi. Ku matsa." Ƙananan suka ce, "Yaya, ba don mun fi ka ƙarfi aka ajiye mu ba, don kada tukunya ta karkata ne." Ya ƙi ji. Ya bari sai da wuta ta kama sosai, ruwa yana tafasa, ya muskuta ya ture su. Tukunya ta tsaya a kansa shi kaɗai, ya ji daɗi na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sai ta kife. Ruwa ya kwarara a kan dutsen da ya yi jajawur da zafi, ji kake ɗas, ya tsage biyu. Matar ta wanke tukunyarta ta sake girki, shi kuwa ta jefa shi bayan danga, inda kaji ke hawa.' Bushiya ta ce, 'Ka ji, Ɓauna. Waɗanda kake gani sun tare maka wuri, su ke riƙe da kai.'

"Ɓauna ya yi dariya, ya sa ƙaho ya wurgar da ita cikin ciyawa. Aka koma sha a wuri ɗaya. Manya suka tattake ƙanana, mashaya ta zama taɓo, zomaye suka bar tafkin, barewa suka bi su. Kuraye kuwa suna nan suna jira. Ranar da suka dawo, Ɓauna ya ɗaga kai ya yi kiran da ya saba. Ba wanda ya fito. Daga cikin ciyawa Bushiya ta ce masa, 'Wa kake kira? Mai gadin da muka zaɓa muka yi alkawarin amsa wa. Tun ranar da ka ce babu zaɓe, kai ɓauna ne kawai, kuraye kuma sun san ɗanɗanon ɓauna.'"

Da ta kai nan, Tabawa ta gyara mayafinta.

Barde ya ce, "Tatsuniyar yara! Ranka ya daɗe, a kira masu kwalekwale?"

Tabawa ta ce, "Korau." Ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba tun da ya karɓi sanda, har dogarai suka ɗago kai. "Kana cewa baitin aro, baitin aro. Ka taɓa saurarensa har ƙarshe? To ji. *Mu garuruwa biyar mun ara wa ɗayanmu sanda damina huɗu, mu bi shi muddin wa'adinsa. Rumbunmu namu, gulbi na kowa.* Shi ke nan, numfashi ɗaya ne. Babu wani baiti dabam da ya ce a bi ka. Wanda ya ba ka sandar shi ne zai karɓe ta. In na haɗiye shi gobe, me ya rage a hannunka? Icen kanya, irin wanda makiyayi ke kora shanu da shi. Daga nan kuma ba tsakuwa za a ƙirga ba, mashi za a ƙirga. Kai nawa gare ka?"

A hankali Korau ya juya ya dubi Barde, ya dubi mashin da ke hannunsa. Sai a lokacin ya tuna ba shi ya ba da izinin shigo da shi ba, bai ma lura da ranar da aka fara ba.

Ya ce, "Barde, fitar da mashin nan waje."

Barde ya yi murmushi, bai motsa ba. Ya ce, "Haba, ranka ya daɗe. Ai ni da kai mun wuce wannan."

Korau ya sake cewa, "Na ce ka fitar da shi."

Barde ya gyara riƙon mashi, murmushin ya ɓace. Dogaran nan biyar suka dubi juna, ba wanda ya san inda zai sa ƙafa.

Sai Tabawa ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta ɗaga murya irin ta dandali, ta biya baitin tun daga farko, ta danna kalmomin nan da ƙarfi: *mu bi shi muddin wa'adinsa.* Ta dubi dogaran ɗaya bayan ɗaya ta ce, "'Ya'yana, wa'adinsa sai gobe. Garuruwanku ne suka turo ku, ko kuwa Barde?"

Na garin masunta ya fara takowa, sauran suka biyo shi. Suka kewaye Barde. Ya dube su, ya ga ba wasa, ya saki mashin, aka fita da shi da mashin duka.

Korau ya daɗe yana kallon sandar da ke cinyarsa. Kunya ta rufe shi, har ya kasa haɗa ido da tsohuwar. Can ya ce, "Inna, baitin da na ce ki binne shi ya cece ni yanzun nan."

Ta ce, "Au, ka gani? Kayan aro ba ya rufe katara, ɗana, amma mai mayar da aro shi ake sake ara wa. Batun yunwa kuwa gaskiyarka ne. Ka kai wa wakilai maganar, in garuruwa sun yarda kowa ya zuba wani abu a rumbun tarayya, su zuba da hannunsu."

Ya ce, "Na ji, na kuma karɓa. Gobe ki biya shi duka. In kin zo kan baitin aro ki ɗaga murya yadda na ƙetaren gulbi zai ji."

Tabawa ta nufi ƙofa tana ɗingishi. Ta waiwayo ta ce, "Dama ko ba ka ce ba haka zan yi."

Washegari aka jera tuluna a dandali. Korau ya ajiye sanda a kan tabarma a gaban jama'a, ya sunkuya ya tsinci tsakuwarsa guda ɗaya, ya je ya bi layi a bayan wata mai sayar da daddawa.