Hoton da Harisu Ya Ƙi Saitawa

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Matameye, zamanin Faransawa, sunansa Harisu. A Damagaram ya koyi sana'ar, ya dawo gida da kamara da injin ƙara girman hoto. Daga Yauri har Ɗan Barto babu na biyunsa, kuma ya san da haka.

Garin babu lantarki a lokacin. Sai ya huda bangon ɗakinsa na duhu, hasken rana ya riƙa shigowa ta bayan injin, ya ratsa fim, ya faɗa kan allo. A jikin injin akwai wani ɗan ƙarfe da ake murzawa. A murza gaba har a wuce, a dawo baya a hankali, ana duban allon da gilashin ƙara girma, har sai ƙwayoyin fim ɗin sun fito ɗaya-ɗaya kamar rairayi. Sannan ne ake sa takarda. Harisu bai taɓa yin gaggawa a wannan wuri ba.

Maƙwabcinsa Manu marini ne. Sun daɗe ba sa gaisawa, saboda indararon Manu da ke zubar da ruwa a jikin katangar Harisu.

Da aka ɗebi samari aikin soja, aka haɗa da Isufu, ɗan Manu. Manu ya haɗiye fushinsa ya kawo shi.

"Harisu, a ɗauki Isufu hoto. Jibi za a tafi da su."

"Yau ka san hanyar gidana?"

"Ba don ni ba ne. Uwarsa ce ta matsa."

"To ya tsaya nan ƙofar zaure. Kada ya shigar mini gida."

Aka ɗauka.

A ɗakin duhu, inuwar hoton ta faɗa kan allo dishi-dishi, kamar yadda takan fara. Hannun Harisu ya kai ga ƙarfen, sai ya janye shi. Ko gilashin bai ɗauka ba. Ya sa takarda a haka, ya wanke, ya shanya. Fim ɗin kuwa ya jefa shi murhu.

Sai bayan an tafi da Isufu ya ba da hoton. Manu ya juya shi, ya kai shi rana, ya dawo da shi inuwa.

"Wannan mene ne? Kamar an tsoma shi a kunu."

"Fuskar ɗanka ce. Ba ni na halicce ta ba."

"Ka sake wanke wani."

"Fim ya lalace."

"Allah ya isa, Harisu."

"Ka je ka gyara indararonka tukuna."

A wannan damina Baiwa, mahaifiyar Harisu, ta rasu. Tsohuwar ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta hoto ba. Takan ce ba mai sa mata inuwa a akwati. Bayan an yi arba'in, Harisu ya fara lura cewa in ya rufe ido yana jin muryarta sarai, amma fuskar ba ta tsayawa.

Wata rana a bakin rijiya, Fadima matar Manu ta ce wa matar Harisu, "Ai Inna tana cikin hoton Isufu. Tana bayansa cikin zaure, dogare da sandarta. Mijinki bai gani ba?"

Bai gani ba. Da ya saita injin ran nan, da ya gan ta tun a kan allo.

Ya ɗauki gilashinsa ya tafi gidan Manu. Manu ya fito da hoton, ya riƙe shi da hannunsa, bai saki ba. Harisu ya sunkuya ya duba. Ga sandar, ga lanƙwasar bayanta, ga fatalarta. Inda fuska take, hazo ne kawai. Gilashin bai ƙara komai ba sai girman hazon, domin abin da bai zauna a takarda ba, ba ya fitowa daga baya.

"Ka ba ni shi, Manu."

"In ba ka? Shi kaɗai gare mu, kuma tun da aka tafi da Isufu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Kai ne mai inji. Je ka wanke wani."

Harisu ya mayar da gilashinsa aljihu.

"Kullum Fadima sai ta zauna da wannan abu tana neman idon ɗanta," in ji Manu. "Kai ma ka riƙa zuwa kana neman na uwarka. Daga nan bakin ƙofa."

Ya kuwa riƙa zuwa, duk Juma'a bayan an sauko, har gashinsa ya yi fari. Ba a taɓa hana shi gani ba, ba a kuma taɓa ce masa ya zauna ba.

Darasi: Kada ka sa sana'arka ta zama makamin ramuwa. Aikin da ka ɓata wa wani da gangan, ba ka san me naka yake ciki ba, kuma ba kowace ɓarna ce take gyaruwa ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda mutane ke danƙa wa aiki a hannu.